Gidan Inna a Ƙarƙashin Ruwa

Shekarar da aikin madatsar Bakolori ya zo ƙarshe, Baturen da maigidana yake tuƙawa ya tattara zai koma ƙasarsu. Abin da bai iya ɗauka ba ya raba wa ma'aikatansa. Kuku ya samu firiji, mai gadi ya samu katifa, maigidana kuma ya shigo gida da talabijin da wani baƙin akwati mai nauyi da ya ce sunansa bidiyo, da kaset uku a cikin leda. Bai daɗe da kawo su ba ya ji ana ɗaukar direbobi a wani aikin hanya can kudu, ya rataya jakarsa ya tafi. Ya bar ni a Talata Mafara tare da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna.

Ni 'yar Bakura ce, aure ya kawo ni Mafara. Inna kuwa ruwa ne ya kawo ta. Ƙauyensu yana kusa da Maradun, yana cikin waɗanda dam ya shanye, kuma tun ranar da ɗanta ya ɗauko ta ba ta taɓa zama kamar mai gida ba. Kwallayenta suna ɗaure a cikin zane a kusurwar ɗaki, ta kwance, ta duba, ta sake ɗaurewa. Tsakar gidan da na share sai ta bi ta sake sharewa. Ni ma ba ni da bakin yi mata magana, don duk motar da ta yi nishi a bakin titi sai na bar abin da nake yi na kasa kunne. Saƙon maigidan ba ya zuwa sai jefi-jefi, a bakin direbobi. Haka muke wuni, mu biyu, muna zagaye juna a gida kamar kajin da suka rasa akurki.

Maƙwabcinmu mahauci ne, yana da ƙaramin injin wuta. Matarsa ƙatuwar mace ce mai dariya da dukan jikinta, ita ce ta leƙo ta katanga wata rana ta ce ta ji muna da sinima a ɗaki muna ɓoyewa. Ta sa aka jefo mana wayar wuta ta kan katangar. Daga nan kullum bayan azahar, idan maza sun watse, matan layinmu sukan shigo da lulluɓinsu da aikin hannunsu, mai kaɗi da mazarinta, mai ɓarar gyaɗa da faifanta, a cika ɗakina har bakin ƙofa.

Babu wadda ke jin harshen da ake yi a kaset ɗin nan ko ɗaya. Wannan bai hana kowa ra'ayi ba.

Ɗaya na zane ne mai motsi, maigidan ya ce daga Japan yake. Yara suna mutuwar sonsa. Inna ta dube shi ta taɓe baki.

"Idanu kamar faranti, hanci babu, gashi shuɗi. Wanda ya zana wanga abu bai taɓa ganin mutum ba."

Matar mahauci ta ce ita abin da ke ba ta haushi, mutum zai tsaya ƙiƙam kamar turmi, baki kaɗai ke motsi, sai ihu. Ni kuwa ina sonsa a ɓoye, saboda akwai wurin da ruwan sama ke sauka a kan gonar shinkafa, ganyen yana rawa daidai yadda yake yi a fadamar Bakura.

Na biyu na koyon rawa ne. Bature da Baturiya a wani ɗaki fayau, an zana sawun ƙafa a ƙasa, mutumin yana ƙirgawa da baki, su taka gaba, su taka gefe, su dawo. Ranar farko ɗakin ya ɗauki shewa.

"Rawa da lissahi?" in ji wata tsohuwa mai daddawa. "Ina makaɗin? Wa za a yi wa kari?"

Inna ta ce ba ta ga dalilin da namiji zai riƙe mace a ƙugu yana yi mata ƙidaya kamar mai awon gero ba. Matar mahauci kuwa ta miƙe, ta ɗaure zanenta, ta finciko ni, muka shiga bin sawun Turawa a tsakiyar mata, tana taka ni ina taka ta, har muka ture tulun ruwa. Bayan wannan ranar nakan tsinci kaina da safe, tsakanin murhu da rijiya, ina taka gaba, gefe, baya. Ba don rawar ta burge ni ba. Ƙafafuna ne ba su son tsayawa.

Na ukun shi ne ya fi raba kan mata. Fim ne na wani ɗan leƙen asiri, dogo, mai baƙar kwat, yana shiga ƙasashen mutane da sunaye daban-daban. Matar mahauci tana bayansa ɗari bisa ɗari. Ta ce namiji ke nan, a kore shi da mota, a harbe shi, a jefa shi ta taga, ya tashi rigarsa ko ƙura babu. Mai daddawa ta ce ai nan ƙaryar take, wa ke yi masa wanki? Wasu suka ce matar da ke taimakonsa ce jarumar gaskiya, shi cin arzikinta yake yi.

Inna ta tsane shi. Akwai wurin da wani dattijo ya karɓe shi a gidansa, ya zaunar da shi, aka kawo abinci suka ci suna dariya. Dattijon na juya baya, mutumin ya zaro ɗan abu daga aljihu ya shiga ɗaukar hoton takardunsa. Duk ranar da aka zo nan sai Inna ta karkaɗe zanenta ta miƙe.

"Na san irinsu," ta ce ranar farko. "Sun zo garinmu da sanduna masu ja da hwari. Mun dama musu hura, sun sha, suna yi wa yara wasa. Ashe auna mu suke."

Ta fita tsakar gida ta kama shara. Saboda haka ta daɗe ba ta san yadda fim ɗin yake ƙarewa ba.

Wata rana a cikin bazara, zafi ya hana kowa motsi, mata sun toshe ƙofa, Inna ta rasa hanyar fita, ta zauna tana fifita tana harare-harare. Can kusa da ƙarshen fim ɗin mutumin ya cire kwat, ya goya wata tukunyar ƙarfe a baya, ya sa gilashi a fuska, ya faɗa teku. Aka bi shi har ƙasa. Ga wani jirgin ruwa da ya nutse yana kwance, ya shiga ta ƙofa, yana haska fitila ɗaki ɗaki. Kifaye suna wucewa ta taga. Kujeru suna nan, tebur yana nan, har da kwano a kansa.

Maficin Inna ya tsaya.

"Ɗiyata," ta ce mini, "mayar da shi baya."

Na danna, na tariyo. Ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin talabijin.

"Wanga jirgi, ya daɗe cikin ruwa?"

Na ce ga alama ya daɗe, tunda ga gansakuka ta kama shi.

"Kuma ga kwano nan bisa tebur. Ba abin da ya taɓa shi."

Matar mahauci ta yi dariya ta ce, "Inna, wasa ne fa. A cikin wata ƙatuwar kwatarniya suke yi, su zuba kifi." Mai daddawa ta ce a'a, ruwa ba ya cin amana, abin da ka ba shi yana ajiyewa, ta ji haka tun tana yarinya. Gardama ta kaure. Da kowa ya watse, ina naɗe tabarmi, sai na ji Inna tana magana kamar da kanta. Ta ce dutsen niƙan mahaifiyarta yana can, ya yi nauyi, motar da ta kwashe su ba ta ɗauka ba. Randunanta biyu suna can a gindin tsamiya. Sannan ta ce, "Malam ma yana can." Mijinta take nufi, wanda aka binne a bayan garin tun kafin a fara zancen dam.

Daga ranar gidan ya ƙara rikicewa. Inna ta daina shara. Da an tayar da inji sai ta ce a wuce mata duk tsere da harbe-harben, a kai ta wurin ruwan. Mu kalla, mu tariyo, mu kalla, har wurin ya fara yin zane-zane yana rawa. Matan suka gaji, wasu suka daina zuwa, matar mahauci ta ce mun mayar da sinima makaranta. Abinci kuwa sai na yi da gaske Inna take kai loma. Ta tambaye ni ko ruwan dam ya kai zurfin teku. Ta tambaye ni ko a Sakkwato ana sayar da irin tukunyar nan.

Wata safiya, washegarin kasuwa, na fito na tarar ta yafa mayafi, ƙunshin kwallayenta a gabanta.

"Tashi mu tahi Maradun."

Na ce maigidan bai san da tafiyar ba.

"Ni na haihe shi," ta ce. "Ɗauko gyalenki."

Muka hau a-kori-kura a tasha, a tsakanin buhunan gishiri da wata akuya. Tun daga Mafara har muka sauka Inna ba ta jingina ba, tana riƙe da ƙarfen motar tana leƙen hanya. A Maradun muka sauka gidan ƙanenta, wanda shi ma ruwan ya taso. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina gida, ina labarin yaro, ya zafi, ya haƙuri da rashin da aka yi bara. Tana amsawa ƙafarta tana kaɗawa. Ko furar da aka dama ba ta shanye ba ta ce ya raka mu bakin ruwa.

Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin wannan ba. Bazara ta ja shi baya, ya bar laka mai tsattsagewa, mutane sun bi gefen sun shuka dankali da albasa. Can ciki busassun rassan itatuwa sun leƙo sama, farare kamar ƙashi. Ƙanen Inna ya kira wani masunci da ke gyaran koma, ya gaya masa sunan ƙauyen. Mutumin ya ce ya san wajen, komarsa takan maƙale a can. Inna, wadda ba ta taɓa shiga kwalekwale ba, ta tattare zane ta riga kowa shiga. Na bi ta, ƙanenta ya biyo baya.

Muka yi ta tafiya har gaɓa ta zama siririn layi. Masuncin ya tsaya kusa da wasu rassa ya ce nan ne, ko kusa da nan. Inna ta duba gabas, ta duba yamma. Babu masallaci, babu hanyar rijiya, babu abin da za ta kama ta ce daga nan gidana yake. Ta dafa wani reshe tana shafa shi, ta ce ko tsamiyarta ce, ko ta gidan liman, ba ta sani ba. Sai ta sunkuya ta leƙa ruwan. Ja ne, mai kauri kamar kunun kanwa. Ta tura hannu har gwiwa, hannun ya ɓace mata.

"Ɗana," ta ce wa masuncin, "in mutum ya nutsa, mi zai gani?"

"Duhu, Inna. Ko tafin hannunka ba ka gani."

"Ɗakunan fa?"

Ya zura gorarsa har ta kusa ƙarewa, ya zaro ta, ƙarshenta duk baƙar laka. Ya ce ginin ƙasa ne, tun shekarar farko ya narke.

"Dutse fa? Dutsen niƙa?"

"Dutse ba ya zuwa ko'ina. Yana nan inda kika bar shi. Laka dai ta ruhe shi."

Inna ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon ruwan, kwalekwalen yana lilo da mu. Sannan ta ɗaga hannu ta yi wa Malam addu'a, da iyayenta, da 'ya'yanta biyu da suka rasu suna ƙanana, waɗanda ban taɓa jin labarinsu ba sai ranar. Muka shafa. Ta ɗebi ruwan ta wanke fuska, ta ce a mayar da mu.

A hanyar komowa ta jingina da ni, nauyinta duka a kafaɗata. Muna dab da gaɓa ta nuna masu ban ruwan albasa ta tambayi ƙanenta ko wane ne da wane ne, mutanen garinsu. Ya ce su ne. Tana sauka ta nufe su, ban ma gama fitowa ba na ji an ɗauki salati da gaisuwa, wata mata ta rungume ta tana kuka.

Da yamma ta kwance ƙunshinta a ɗakin matar ƙanenta, ta jera kwallayen a jikin bango. Ta ce mini ita ta zauna ke nan, akwai ɗan fili a gefen na ƙanenta, za ta sa albasa. Ni kuma bai kamata in zauna ni kaɗai a Mafara ba, in tafi gidanmu har mijina ya dawo.

Haka aka yi. Na koma na kulle ɗaki, na miƙa wa matar mahauci bidiyon da kaset ɗin ta kan katanga, na hau mota zuwa Bakura. Maigidan ya dawo bayan kaka, ya rame, ya yi baƙi. Ya je Maradun da niyyar ɗauko mahaifiyarsa, ya tarar da ita a bakin ruwa da ƙwarya a hannu tana faɗa da awakin da suka shigar mata shuka. Ta ce ya gaishe ni, ta cika masa buhu da albasa, ta ce ya kama hanya kafin motar yamma ta wuce shi.