Balbelar Yaya Kyari

Bana shekara talatin da takwas ke nan da rasuwar yayana Kyari, manomi a wani ƙauye kusa da Hamdara. Ni ɗan kasuwa ne a Damagaram, ganye da saiwoyi da kayan yaji nake saye ina sayarwa. Abin da zan faɗa a kansa bai wuce labarin ciyawa ɗaya ba.

Balbela muke ce mata. Karanta fari ne kamar an barbaɗa masa toka, tsawonta bai wuce gwiwa ba, furenta rawaya ne, ƙarami kamar maɓallin riga. In ka murza ganyen, ƙamshin ya wuni a hannunka. Mata na dafa ta don mura da zazzaɓi. Yaya ya taɓa farke mini fure ɗaya a tafin hannu, ya nuna mini ashe taron ƙananan furanni ne a kai guda, kowanne da ƙwayarsa da ɗan gashin da iska ke ɗauka. Ban ga amfanin sanin haka ba a lokacin.

A shekarun fari rijiyar lambunsa ta ƙafe. Kwarin ƙauyen ya bushe ƙurmus, balbela kaɗai ta rage jefi-jefi. A birni kuwa ana nemanta ruwa a jallo. Na tura mutum uku da kamyo, babbar motar kaya, na ce su kwaso duk wadda suka gani. Tumɓukewa ta fi yanka sauri, kuma dami mai saiwa ya fi cika ido. Suka share kwarin tas, tun iri bai nuna ba.

Washegari Yaya ya zo rumfata. Na miƙa masa kujera, bai zauna ba.

"Mamman, ka sayar mini da rijiya."

"Wace rijiya kuma, Yaya? Ciyawar Allah na kwasa, ba ta kowa ba ce."

"Wata biyu ina zagaya ta. Inda ta ƙi bushewa, nan ruwa yake kusa. Saura kaɗan in san inda zan haƙa. Kai, ko akuya ai tana barin saiwa."

Maƙwabtana suka yi dariya, ni ma na taya su.

Ya haƙa wuri uku da ka, bai tarar da ko danshi ba. Lambun ya mutu. Shekarar nan a gidana shi da iyalinsa suka ci tuwo, mutumin da a da bai iya kwana biyu a birni. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Ashe yana da busassun furanni na bara a cikin gora. Da damina ta kama ya koma ƙauye, ya binne irin kamar gero. Ko ɗaya bai fito ba. Shekara ta zagayo, ya sauya dabara. Ya jira ruwa ya janye daga kan laka, ya watsa irin a sama, ya danna da tafin ƙafa, bai rufe ba. Ta fito. Ya zuba mata ido har bazara, duk ta bushe ban da wani gungu kusa da kututturen gawo. Nan ya haƙa, ya tarar da ruwa a gaba huɗu. Shekara ɗaya ya sha ruwan rijiyar, Allah Ya karɓi abinSa.

Yau masu haƙa da inji suke zuwa, su gama kafin la'asar. Da yana nan ba zai ƙi su ba, ba mutum ne mai gardama da sauƙi ba. Amma na san sai ya bi bayansu ya duba ko balbela ta yarda da inda suka zaɓa.

Rijiyar tana nan. 'Ya'yansa suna yankan balbela da lauje bayan ta zubar da iri, su bar mata tsawon tafin hannu a ƙasa. Ni kuma tun shekarar da lambunsa ya mutu ban sake sayen dami mai saiwa ba.

Makon jiya wani mutumin Dakusa ya kawo mini balbela dami biyu, saiwa duk ƙasa. Na ce ya ɗauke.

"Haba Alhaji, saiwa ce fa kawai. Ba sai a yanke ba?"

"A can ake yanke ta," na ce, "tana tsaye."

Ya dube ni, ya saɓa kayansa, ya wuce rumfar gaba. Can aka saye. Abin da Yaya ya bari ke nan, rijiya ɗaya da doka ɗaya, dokar ma a rumfa ɗaya take aiki. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa kabarinsa ya yi sanyi kamar ruwan da ya nemo.