Yadda Muka Bi Gumaguman Dajinmu Zuwa Kan Iyaka

Daga Gida

Mun tashi daga ƙauyenmu na gefen Gangara ana sallame Asuba. Mu uku ƙungiyarmu ta kare gandun daji ta tura: ni sakatare, da Malam Haladu ciyaman, sai Baba Ɗanbaba, dattijo daga unguwar Maguzawa wanda ya koma Kirista, domin shi ya ga sarar da idonsa, kuma ya san kowace madobiya a dajin nan kamar yadda ya san jikokinsa.

Dalilin tafiya shi ne wannan. An sare madobiya da kirya cikin gandun daji na gwamnati, an cika gingimari mai koren kai, an lulluɓe da tamfol, za a ƙetare da shi Maraɗi. Malamin daji ya ce in muka sa aka tsayar da motar a ɓangarenmu, zai zo ya kama. In ta wuce sandar shingen kan iyaka, sai dai mu yi wa juna jaje.

Na tsara aiki tun a gida: na farko mu riga motar isa, na biyu mu gaida masu shinge, na uku mu nuna musu ita, na huɗu Malam Haladu ya ɗauko malamin daji. Muka shiga a-kori-kura tare da buhunan gero. Baba ya rungume gorarsa ta kunun tsamiya da matarsa ta dama tun jiya.

Jibiya

Mun isa hantsi ya fito. Muka karya da ƙosai a tasha, man ya kwana biyu. Gingimarin kuwa ga shi nan gefen titi, direban na shan shayi hankali kwance. Baba ya zagaya, ya ɗaga gefen tamfol, ya shafa wani gungume.

"Wanga na bakin rafi ne," in ji shi. "Ƙarƙashinshi aka yi mini aski ran sunana."

Direban ya yi dariya. "Baba, in kewarshi kake, hau mu tahi tare."

Ban amsa masa ba, domin ba ya cikin tsari. Malam Haladu ya hau acaɓa ya tafi neman malamin daji, mu biyu muka yi gaba.

Magama

A lokacin an fara Shari'a, wasu matasa 'yan sa-kai sun kafa benci kafin shingen masu kaki, suna binciken giyar da ake shigowa da ita. Na lura duka bencinansu arewa suke kallo. Abin da ke fita daga ƙasa sai dai ya ga ƙeyarsu.

Na yi sallama, na fara bayani daga na farko. Ban kai na biyu ba, shugabansu, wani mai sabon gemu, ya ƙura wa gorar Baba ido.

"Baba, daga wace unguwa?"

Baba ya faɗa masa.

"To! Mi ke cikin gorar?"

"Kunu ne, ɗana."

"Kowa ma haka yake cewa."

Ya buɗe ya sansana. Ya miƙa wa na biyu, ya sansana, ya ce akwai tsami. Na uku ya ce tsamin tsamiya daban, tsamin burkutu daban, sai sauran suka juya suna tambayarsa inda ya san bambancin. Gardama ta kaure. Aka ce a kira limamin tasha.

Na ce, "Samari, ku ji tsoron Allah. Dajin jama'a ne za a fitar yanzun nan. Sata ba ta cikin abin da aka hana?"

"Malam, ka yi haƙuri, ba ɓangarenmu ba ne. Je ka wajen masu kaki."

Na je. Mai kaki ya ce ba ya sauraron ƙorafi daga wanda ake bincikar abokin tafiyarsa. Ina dawowa na ji ƙugin gingimari. Direban ya rage gudu, ya leƙo, ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Allah ya taimaki masu aikin Allah!" Suka amsa da amin ba tare da sun waiwayo ba. Mai kaki ya je gefen taga, suka gaisa gaisuwar da ba a buɗe tafi, sanda ta ɗaga.

Baba ya ɗaga kai. Ya bi motar da ido har ta shige.

Liman ya iso, ya kurɓa, ya ce kunu ne, sukari ma ya yi kaɗan. Malamin daji ya iso bayan Azahar, ya tambaye mu lambar motar, ya girgiza kai irin na wanda ya gama aiki.

Komawa

Mun dawo ta Jibiya. Wajen mararrabar Farfaru muka haɗu da wani gingimarin ba kaya, ya nufi daji. Mun isa gida kafin Magariba, mata na dawowa da ƙiraren da suka yini nema.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa liman, shi kaɗai ya yi aikin da aka kira shi dominsa. Na gode wa Baba Ɗanbaba, wanda da za mu rabu ya riƙe hannuna ya ce:

"Malam Sakatare, in za ku koma, ku bar ni gida. Ku tahi da gatari. Shi ba a tsayar da shi."