Nea Gligor da 'Yan Aji Bakwai

Shekara goma sha tara na yi ina mataimakiyar shugaban makarantar garinmu, kuma in aka tara duk ɓacin ran da na sha a kan wannan kujera, fiye da rabi Gligor Lupashku ne ya jawo mini. Shi ne malamin wasanni. Nea Gligor kowa yake ce masa, wato Kawu Gligor, daga 'yan aji ɗaya har limamin coci, don tun yana ɗan shekara arba'in yake da siffar kawun mutane.

Gajere ne, mai faɗin ƙirji, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Ɗan makiyayin tumaki ne daga ƙauyen da ke can bisa tudu. Da ƙuruciyarsa kokawa ya yi, har an kai shi gasa Bukarest sau biyu, sai gwiwa ta goce masa, ya dawo gida ya karanci koyarwa. Matarsa Floarea a gidan waya take aiki, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Ban ce mugun mutum ne ba. Abin da na ce shi ne, shi da agogo da takarda ba su taɓa ga maciji da juna ba.

Muna da ɗakin wasanni mai daɓen katako, da ƙwallaye da komai. Ya ce wurin warin takalmi yake yi, kuma yaron da ya wuni a zaune bai kamata a sake kulle shi a ɗaki ba. Darasinsa na minti hamsin ne, amma sai ya kwashi yara ya nufi bakin rafi ko gefen daji, ba a ƙara ganinsu sai darasin lissafi ya kai rabi. Duk Talata Malama Ortansa mai lissafi takan zo ta tsaya a ƙofar ofishina da alli a hannu, kallona kawai take yi. In na aika a kira shi, sai ya cire hula ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, shugaba, ai lissafin muka je yi. Mun ƙirga taku nawa ne zuwa kan tudu."

Ni ba shugaba ba ce, kuma ya sani. Yana faɗa ne don ya ga jijiyar wuyana ta miƙe.

Sai maganar baƙi. Doka ita ce kafin a kawo wani ya yi wa yara jawabi, a rubuto sunansa in sa hannu. Shi kuwa duk wanda ya gamu da shi a kasuwa ya ji yana da labari a baki, washegari sai ka gan shi a aji. Ya kawo mai sharar bututun hayaƙi da baƙin tokarsa. Ya kawo wani tsohon gola na ƙungiyar gunduma, wanda ya iso tun ƙarfe tara na safe yana warin barasa, ya koya wa 'yan aji biyar kalmomin da iyayensu ba su yafe mini ba har yau. Ya kawo mai kiwon zuma da saƙarsa a cikin akwatin gilashi, murfin ya zame, ƙudan zuma suka fito, makaranta gaba ɗaya ta wuni a filin ƙwallo.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya ƙure ni ya faru ne a watan Oktoba na shekararsa ta ƙarshe.

Ofishin ilimi na gunduma ya turo mana wata likita, Dokta Smaranda, ta yi wa 'yan aji bakwai da takwas bayani a kan abinci da motsa jiki. Sati biyu ina shiri. Aka goge zaure, aka aro majigi, mai girki ta gasa burodin cuku. Ƙarfe goma sha ɗaya 'yan aji takwas suka shigo suka zauna. Kujeru ashirin da shida na aji bakwai kuwa wayam. Na duba jadawali, darasin da ya gabata na Nea Gligor ne. Na kira wayarsa, sai na ji tana kuka a aljihun kwat ɗinsa da ke rataye a ɗakin malamai. Mai gadi ya ce ya ga sun bi hanyar gonakin tuffa.

Na ɗauki mota. Likitar ta ce za ta bi ni, gara haka da ta zauna tana kallon shugaban makaranta yana share zufa.

A gonar tsoho Trandafir muka same su. Dattijo ne da matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk suna aiki a Italiya, kuma ba a daɗe da yi masa aikin ido ba. Rediyo ya ce za a yi ƙanƙara da yamma. Yara ga su nan a kan itatuwa suna tsinke masa tuffa, wasu a kan tsani, wasu suna jan akwatuna, Nea Gligor a tsakiya da usur a baki yana ba da umarni kamar a fagen yaƙi. Babu iyayen da aka tambaya, babu fom ko ɗaya.

Na fito daga mota na ƙwala masa kira da iya ƙarfina. Wata yarinya, Lenutsa, da ke kan tsani ta waigo a firgice, ƙafarta ta zame, ta faɗo a kan hannunta.

Likitar ce ta fara isa wurinta. Ta ɓalle katako daga jikin akwati, ta cire gyalenta ta ɗaure hannun, ta ce karaya ce a wuyan hannu. Nea Gligor ya ɗauki yarinyar ya kai mota, fuskarsa ta yi fari fat, ban taɓa ganinsa haka ba. Muka wuce asibiti. Jawabin dai ba a yi shi ba. 'Yan aji takwas sun yi awa biyu suna sauraron shugaba yana ba su tarihin ginin makaranta.

Washegari uban Lenutsa, direban babbar mota, ya zo ya yi mini ihu a gaban malamai, sannan ya rubuta ƙara zuwa gunduma. Sati uku na yi ina amsa tambayoyi a rubuce, tambaya ɗaya sau huɗu, a kan abin da ban shirya ba, ban kuma sani ba. Aka yanke cewa a ba shi takardar gargaɗi, kuma kada ya ƙara fita da yaro ƙofar makaranta. Ni aka sa na rubuta.

Da ya zo sa hannu bai cire hula ba, bai ce shugaba ba. Na riga na ji cewa kullum da yamma yana zuwa gidan su Lenutsa yana kai mata aikin aji, uban yana barinsa a tsaye a waje. Ya ɗauki biro ya sa hannu ba tare da ya karanta ba.

"Aurelia, laifina ne. Yarinyar nan ko barci ban yi ba saboda ita."

Har zuciyata ta fara sanyi. Ya kai ƙofa, ya juyo.

"Amma fa da ba ki yi wannan ihun ba, da yanzu tana rubutu da hannunta."

Na jefe shi da abin goge allo. Bai same shi ba.

Ƙanƙarar ta sauka kamar yadda aka faɗa. Rabin tuffar gonar yara suka samu tsinkewa, shi ne kawai ya tsira, tsoho Trandafir ya aiko da akwati takwas makaranta, muka yi ta ci har Kirsimeti. Uban Lenutsa ma an kai masa ɗaya. Ya karɓa, bai janye ƙararsa ba.

Dokar kuwa Nea Gligor ya bi ta sau da ƙafa, don ya ƙona mini rai. Bai fita ƙofa ba, bai kuma shiga ɗakin wasanni ba. Ana ruwa, ana dusar ƙanƙara, yana zagaya shinge da yara ta ciki, kuma duk zagaye sai sun biyo ta ƙarƙashin tagata, a nan ne yake busa usur. Wata takwas a haka, har ya yi ritaya a watan Yuni.

A hunturun bara ya zame a bakin coci ya karya ƙugu. Floarea ta roƙe ni in je asibiti in duba shi, wai yana tambayata. Na tarar ya jera tsofaffin ɗakin su biyar, kowa a kan gadonsa yana ɗaga ƙafa, shi yana ƙirga musu, har da wanda aka yi wa aiki shekaranjiya. Nas ɗin ta ja ni gefe, idanunta sun yi ja don gajiya, ta tambaye ni ko ni 'yar'uwarsa ce, ko zan iya yi masa magana ya ji.

Na ce mata ni ba komai nasa ba ce, kuma ta yi haƙuri, ba ya ji. Na ajiye masa miyar kazar da na kawo. Ya ɗanɗana, ya ce gishiri ya yi yawa, ya shanye tas.