Madaɓin Malam Nata'ala

Malam Nata'ala bai iya zama ba, kowa a unguwarmu ta Abbey Wood a Landan ya san haka. Ya tuƙa bas ɗinsa tun safe, ya dawo ya sha shayi a tsaye, kafin matarsa Hajiya Hansai ta ɗauke kofin har ya kai bakin ƙofa. Ran Asabar kuwa da hantsi za ka same shi a filin bayan unguwa, durƙushe a kan wani ɗan tudun jar ƙasa yana ta dukansa.

Tudun nan shi ne inda mai jifa yake tsayawa a besbol, wasan Amurkawa da ake jefo ƙwallo a make ta da kulki. Can ya kwaso ciwon, lokacin da ya je karatu wata jami'a a Ohio yana saurayi. Ya iso Landan da digirin da bai yi masa rana ba, da ra'ayoyin da ba sa barin kowa ya huta.

In ka kuskura ka ce masa "ya wasa?" a ƙofar masallaci, ka makara ke nan. A wurinsa ƙwallon jami'o'in Amurka, wadda samari suke runguma suna bangazar juna, ta fi ta ƙwararru nesa ba kusa ba. "Da can yaro makarantarsa yake buga wa, kakarsa tana kallo," in ji shi. "Yanzu bana yana nan, baɗi ya yi transfer. To wa zan so? Rigar?" Besbol na ƙwararru kuwa, har yau bai yafe agogon da aka sa wa masu jifa ba. "Wasan da babu ruwansa da lokaci, shi ma sun liƙa masa agogo!"

Abokin musunsa Mordecai, mutumin Jos, yakan yi dariya. "Kai da ba ka iya jira kettle ta tafasa, kai ne lauyan wasan haƙuri?"

"Ai shi ya sa," Malam yakan ce. "Nan kaɗai nake iya tsayawa wuri ɗaya."

Da ya tara 'ya'yanmu zai koya musu, council, wato ƙaramar hukuma, ta ara masa kusurwar fili bisa sharaɗi: tudun jifa ya zauna lafiya lau, in ya yi rami har ana tsoron targaɗe, za a baje shi a mai da wurin ciyawa. Ga ruwan Landan, ga karnuka masu tono, ga shi ba inji. Sai ya tuna yadda mahaifiyarsa take daɓen ɗaki a Gumel, ya aika aka kawo masa madaɓi. Ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa yumɓu, ya yi ta bugu har ƙasa ta yi sulɓi. Maza sun sha tsokanarsa cewa ya ɗauki aikin mata, bai ko ɗaga kai ba.

Kai ne, Malam, ka yi shekara sama da ashirin a kan gwiwoyinka don yaran da za ka yi wa Hausa su amsa maka da "Yes, Baba". Kachollom, wadda yanzu nas ce a Camberwell, a tudunka ta koyi jifa. "Ina primary ko hannu ba na iya ɗagawa a aji," in ji ta. "Baba ya tsayar da ni a sama, kowa yana jirana, ya ce sai na shirya."

Bana gwiwoyin suka gaza. Aka yi masa aiki, likita ya hana shi durƙuso har abada, ya ajiye tuƙi. Ruwa ya yi ta zuba, tudu ya fara rami, ranar zuwan masu dubawa daga council tana matsowa. Malam ya dinga safa da marwa a flat da sandarsa, daga taga zuwa ƙofa. Iyaye maza suka je suka tattake wurin da takalma, ruwan farko ya kwashe aikinsu. Ranar Hajiya ta ga hawaye a idonsa, abin ya tsaya mata a rai.

Sai ta ɗauki waya. Da Asabar ta zo ya dogara sanda ya je ya yi wa tudunsa kallon ban kwana, sai ya jiyo waƙa tun daga bakin titi. Matan unguwa ne sun ci ɗamara sun jeru, Hajiya a gaba da madaɓi, Kachollom da guntun katako, Hamdatu 'yar zangon Kumasi da muciyarta, bugu yana tafiya tare da amshi.

Ya yi ta zagaya su. "Hagu ya fi tudu! A ƙara ruwa nan!"

Hajiya ta ɗago. "Malam, a wurinmu ka ara. Zauna."

Mordecai ya turo masa kujera. Ya dube ta, ya dubi tudun, ya zauna.

Mun gode, mai madaɓi, Allah Ya ƙara lafiya, Ya bar mu da kai da musunka. Tudun ya tsira bana, amma ruwa bai daina ba, kuma daɓe ba a yin sa sau ɗaya. Duk mai sauran gwiwa ya zo ran Asabar da hantsi. Kujerar Malam tana gefen fili, kada mu bari ya sake tashi daga kanta.