Katin da Baba Pindar Ya Tura Ƙasan Mutuwa

A unguwar Bolori kowa ya san Edith Pindar, doguwar matar nan 'yar Biu da ke rubuta kati a ɗakin shan magani. Tun da hawan jini ya shanye wa mahaifinta ɓarin dama a 1985, ita ke masa wanka, ita ke kai shi gashin ƙashi duk Talata. Maza biyu sun zo neman aurenta, ta nuna musu ɗakin tsohon, ba su sake dawowa ba. Ƙanenta Thomas ya yi ta roƙon ta bar shi ya tafi da Baba ƙauye, inda akwai hannuwa da yawa. Amsarta ɗaya ce: ƙauye babu likita, Baba ba ya zuwa ko'ina.

A 1994 wasu masu bincike suka ɗauke ta aiki. Suna so su ji yadda mutanen gari ke auna ciwo, don a san inda za a fara kai magani. Aka ba ta katako mai tsawon kamu biyu. Samansa lafiya lau, maki ɗari. Can ƙasa jan layi, mutuwa ke nan. Sai katuna masu zane, makaho, gurgu, mai tari, mutum ya ajiye kowanne inda ya ga ya dace. Gida na biyar-biyar ake shiga, kuma wanda ya fi kowa shekaru a gidan ake tambaya.

Ba ta yi mako ba ta gano wayon mutane. Kowa ciwon gidansa yake dannawa ƙasa.

"Hajiya, ciwon ƙugu ya fi makanta?" ta tambayi wata tsohuwa a unguwar Gwange.

"Makaho yana da mai jan sa. Ni wa ke ja na? Saka ƙasa, 'yata, ko a turo mana allura."

Ranar da suka shiga Bolori, ƙidaya ta faɗa kan gidanta. Shugabansu Malam Ba'ana ya ce doka ba ta tsallake gida, shi zai yi tambayar. Edith ta ji daɗi a ranta, don Thomas yana gari. Bari ya gani da idonsa tsohon ya ajiye ciwonsa a bakin jan layi, ya san wannan ba jinyar ƙauye ba ce.

"Wushe, Baba," Ba'ana ya gaishe shi, ya miƙa masa katin mutumin da ke kwance ana masa wanka.

Tsohon ya karɓa da hagu, ya ja shi sama, sama, ya tsaya a saba'in.

"Baba, ba ka gane ba," Edith ta yi wuf. "Saman nan na masu lafiya ne."

"Malama, ba ke ake tambaya ba," in ji Ba'ana.

Ya ba shi kati na gaba, mutum zaune ya yi tagumi, ya karanta masa: yana tafiya, yana aiki, amma ba ya dariya, ba ya zuwa wurin kowa, kowa ba ya zuwa wurinsa. Baba Pindar ya daɗe yana kallo. Sai ya tura katin ƙasa, ya wuce makaho, ya wuce jan layin, har ya faɗo kan tabarma.

"La ilaha illallahu! Baba, ya fi mutuwa? Ka taɓa ganin mai irin wannan?" in ji Ba'ana.

Tsohon ya ɗaga yatsa ya nuna Edith.

Shekara tara tana gaya wa 'yan coci ita ke riƙe da tsohon nan. Ba ta taɓa tambayar kanta me za ta ce wa mai neman aure na uku ba in ɗakin babu kowa.

Da karkataccen bakinsa tsohon ya ce, "Thomas. Nemo mota."

"Baba, gashin ƙashin fa?" in ji Edith.

"Shekara tara. Na tashi?"

Ran Asabar Thomas ya zo da a-kori-kura. Ita da kanta ta shimfiɗa katifa a baya, ta nuna wa ƙanenta yadda ake juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ta maimaita masa har sau uku. Da motar ta sha kwana, wata maƙwabciya ta leƙo ta ce ta shigo su ci abinci. Edith ta tsaya a ƙofa tana neman dalilin ƙi, ba ta samu ba.