Kawu Crisóforo da Kwalin Jarrabawa

"Ai ban ce kada ki shiga ba, Malama. Ke ki shiga, har kujera zan goge miki. Kwalin ne zai tsaya a nan."

"Malam Crisóforo, ni da kwalin nan tafiyarmu ɗaya."

"To, ashe ku biyun za ku tsaya."

Haka muka iske su a ƙofar makarantar garinmu, ranar da muka fito gayyar gyaran katanga. Malama Yolanda ta hawo dutse daga birnin Oaxaca da takardun jarrabawar jiha na 'yan aji shida, a cikin kwali mai hatimi. Kawu Crisóforo, yayan mahaifiyata, ya tokare ƙofa da sandar muƙaminsa, kamar mai tare akuya daga shiga gona.

Kawu manomin gahawa ne, kuma shi ke busa ƙaton ƙahon nan na ƙarfe a ƙungiyar makaɗan gari. Karatunsa a aji uku ya tsaya. A bana taron gari ya ɗora masa shugabancin kwamitin iyayen yara, aikin da ba a biya, ba a kuma ƙi. Wasu sun ce an zaɓe shi ne don shi kaɗai ya taɓa yin gardama da alfadari har alfadarin ya gaji.

Tun shekarar da wani ɗan kwangila ya kawo garin madara da ya lalace, yara suka yi ta ciwon ciki, taron gari ya kafa doka: duk abin da zai shiga makaranta daga waje, sai hannun ɗan gari ya fara buɗe shi. Shugabannin baya leƙawa kawai suke yi. Kawu kuwa har alli ya lasa. Da aka kawo ƙwallon taswirar duniya, ya juya shi ya sake juyawa yana neman garinmu, bai gani ba, da ƙyar ya bari aka shiga da shi.

"Mu muka ɗauko duwatsun makarantar nan a bayanmu," in ji shi. "Muna kuma da tamu jarrabawar. Yaro ya hau lasifikar gari ya karanta sanarwa da yarenmu na Zapotec da kuma Sifaniyanci, in tsofaffi sun gane, ya ci. Su waɗancan na ofis, sun taɓa ganin yaranmu?"

"Ba su taɓa ba," ta ce. "Shi ya sa takarda ɗaya ake ba kowa, don kada gobe wani ya ce yaran dutse ba su kai na birni ba. In hatimin nan ya karye a hannun wani ba ni ba, an soke jarrabawar. Ba kuma yaron da za a ɗauka a sakandaren da ke can ƙasan dutse da shaidar lasifika."

Nan Kawu ya waiga wajen azuzuwa, don autarsa Eulalia tana aji shida, tana leƙo shi ta taga. Yarinyar ba ta da zance sai na zama ma'aikaciyar jinya. Motar da ta kawo Malama kuma da la'asar za ta koma.

Sai ga Inna Domitila, matarsa, ta taso daga wurin tukunyar 'yan gayya da ludayi a hannu.

"Kai mai aji uku, in an buɗe maka me za ka gani a ciki? Ko shi ma lasa za ka yi?"

"Domitila, ina bakin aiki."

"Aikin hana 'yarka karatu? Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe!"

Muka tuntsire da dariya. Kawu bai kula mu ba. Ya dubi sandarsa, ya dubi tarin yashi da bokitai a gindin katanga, ya daɗe yana sosa ƙeya. A wurinmu ba haihuwa kaɗai ke sa mutum ya zama ɗan gari ba. Duk wanda ya yi gayya tare da mu, ya ci daga tukunyar gayya, dattawa suka ɗaga masa hannu, ya zama namu.

"Malama," ya ce, "kin taɓa ɗaukar yashi?"

Da aka yi mata bayani, ta dubi takalmanta masu tsini, ta dubi yaran da ke taga, sai ta tuɓe takalman. Amma ta ce kwalin ba zai bar jikinta ba. Inna Domitila ta cire gyalenta ta goya mata shi a baya kamar jariri. Haka ta yi ta kai da kawo da bokiti, mata suna tambayarta ko yaron ya yi barci. Kawu na biye da ita yana cewa bokitin bai cika ba.

Ta ci wake da wainar masara a tsugune, dattawa suka ɗaga hannu, Kawu ya janye sandarsa.

"'Yar gari ce za ta buɗe," ya sanar da murya irin ta ƙahonsa. "Doka ta cika."

Ta shiga, ta karya hatimin a gaban yara, ta rufe ƙofa. Shi kuma ya tsaya a waje yana korar kaji da mu baki ɗaya, wai kada a dami masu rubutu.

Da suka fito, Eulalia ta ce masa ta amsa duka. Ya gyara hularsa. Malama Yolanda ta miƙa masa kwalin da babu komai a ciki.

"Ga shi, ko za ka lasa."

"Kazata na neman wurin kwanci," ya ce, ya karɓa. "Af, Malama, tunda kin zama tamu, akwai gayyar hanya bayan girbi. Ki zo da takalmin kirki."

Ya saɓa kwalin a kafaɗa, ya nufi gindin katanga inda kwaɓin siminti ya fara bushewa.