Jakunkunan Don Eleuterio

Tun ina yarinya nake ganin Don Eleuterio a ƙofar gidansa, nan unguwarmu a Tehuacán, yana yanka tsohon tiyub ɗin manyan motoci yana ɗinka jaka. Farin rubutun kamfani da ke jikin robar shi ne adon da masu saye ke so. Don kada ya goge, sai ya shafe shi da kakin zuma, ya yi ta murzawa da tsumma har robar ta yi sheƙi. Taurin kai gare shi kamar jakin dawa, amma hannunsa na da albarka.

Sai manyan motoci suka koma taya mara tiyub. Masu faci suka daina ajiye masa komai. Abin da ya rage masa bai fi tulin da ke ƙarƙashin gadonsa ba.

'Yarsa Nayeli ita kaɗai ta rage masa, kuma ta daɗe tana maganar tsallakawa Amurka. Da wani mai kanti a Puebla ya ce zai sayi jakunkunan in sun fi haka ƙyalli, ta ce in cinikin ya kama za ta zauna. Ta kawo ruwan feshi na gwangwani, irin wanda ake fesa wa katako ya yi ƙyalli.

"Baba, kana murza jaka ɗaya tun safe kamar mai lallashin amarya! Fesa wannan mu huce."

"Ke 'yar nan, roba lanƙwasa take yi. Katako ne ita?"

"To, ci gaba da murzar. Ni dai na gaji."

Ya fi kowa sanin abin da zai faru, wannan ne ke ƙona min rai har yau. Tsoron tafiyarta ya sa ya fesa wa tulin duka. Suka yi ƙyalli kamar madubi. Da mai kanti ya lanƙwasa ɗaya, fatar feshin ta tsage, ta ɓare, ta tafi da rubutun. Garin neman ƙiba an samo rama.

Nayeli ta tafi Amurka bayan bikin Ista, rataye da tsohuwar jakar da ya yi mata da kaki tun tana makaranta.

Har yanzu yana fitowa ƙofa da tsummansa. Jiya na kai masa tortilla, gurasarmu ta masara, ya ce, "Maƙwabciya, in kin ga tiyub a hanya, ko ya yage, tsinto min." Na ce to. Ni ma na san babu.